Layin 93 namu ne, to ina littafin lissafinsa?



 Ina gode ma waɗanda suka shirya wannan zama, da ku da kuka baro shagunanku da karatunku, wasu ma sun ajiye kabu-kabu, kuka zo kuka zauna cikin wannan zafi. Allah ya saka da alheri.

Kafin in shiga magana ina son kowa ya ɗaga salularsa sama. Yauwa. Kusan babu hannun da ke wofi. To, wanda ke da layin Niger Telecom, wato 93, ya bar hannunsa sama, sauran su sauke. Kun gani? Hannuwan sun ragu ƙwarai. Kamfanonin salula huɗu ne ke aiki a ƙasar nan, Airtel da Moov Africa da Zamani da Niger Telecom, kuma a yawan masu layi Niger Telecom ne na ƙarshe. Shi ne kuma wanda aka kafa da dukiyar ƙasa ɗungurungum, wato da kuɗinmu. Ko kana da layinsa ko ba ka da shi, kana da haƙƙi a cikinsa.

Yanzu tambayata: a cikin ɗakin nan, wa zai iya faɗa mani nawa kamfanin nan ya samu bara? Riba ya ci ko faɗuwa ya yi? In riba ce, nawa ya zuba ma baitulmali? In faɗuwa ce, wa ya cike gurbin? Shiru. Kada kowa ya ji kunya, ba laifinku ba ne. Akwai masu digiri a nan, akwai ƴan kasuwa da suka san farashin buhun hatsi a kasuwanni uku a rana guda. Abin da ba a kawo gabanka ba, ba ka iya saninsa. Wannan shirun shi ne abin da na zo mu tattauna a kai.

Bari mu fara da aljihunmu. Ka ɗauka kana sa kiredi ko forfe na dala ɗari a kowane mako, kuma kun san da yawa daga cikinmu sun wuce haka nesa. A shekara jika 26 ke nan. Mutum miliyan ɗaya in suka yi haka, sefa miliyar 26 ta tashi. Misali ne kawai na ba ku don mu ga girman abin. Kuɗin salula ba daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo su ba kamar uraniyom na Arlit ko man Agadem. Daga hannun mai tallan ƙosai suke fitowa, da ɗan lakkol, da tsohuwar da ke jiran kiran ɗanta daga Libiya ko Abijan. Dala-dala ake tara su, kowace rana, har ranar salla.

Ina da inna a ƙauye. In tana son magana da ni, sai ta ba wani yaro salula ya hau tudun bayan gari ya nemo rezo, in ya samu ya ƙwala mata kira ta tako da sandarta. Wata rana na tura mata kiredi, kafin mu gama gaisuwa layi ya yanke, da aka duba kuɗin sun tafi. Ba zan ambaci kamfanin ba, don ba shi ne zancen ba. Abin da ta ce mani daga baya shi ya tsaya mani a rai. Ta ce, ɗan nan, waɗannan kuɗin da suke ɗauka, wa ke ƙirga su? Inna ba ta yi lakkol ba, amma ta shekara da shekaru tana riƙe ma matan unguwa adashi, ta san duk kuɗin da ba a ƙirgawa gaban masu su, ƙarshensu rigima ne.

Don mu gane inda muke, sai mun waiwayi yadda aka zo. Da can waya da gidan waya duka a ƙarƙashin hukuma ɗaya suke, OPT. A 1997 aka kafa Sonitel ta riƙe harkar sadarwa. A ƙarshen 2001, lokacin da ake guguwar sayar da kamfanonin gwamnati, aka sayar da kashi 51 cikin ɗari na Sonitel ga haɗin gwiwar wani kamfanin China mai suna ZTE da wani na Libiya mai suna LAAICO. SahelCom kuma ita ce reshen salula. An ce masu sayen za su zuba jari, su ƙara layuka, su gyara aiki. A 2009 gwamnati ta karɓe ragamar, bisa hujjar cewa ba a cika alkawura ba. A 2011 aka sake ƙulla wani ciniki da kamfanin LAP Green na Libiya, sai yaƙi ya ɓarke a can, cinikin ya watse. A 2012 majalisar dokoki ta kaɗa ƙuri'ar maido da Sonitel hannun ƙasa. A watan Satumba na 2016 majalisar ministoci ta yanke shawarar haɗe Sonitel da SahelCom, aka samu Niger Telecom.

Ku ƙirga da kyau. An sayar, an karɓe, an so a sake sayarwa, an maido, an haɗe. Sau biyar ana juya dukiya guda cikin shekara 15, kuma kowane juyi da sunanmu aka yi shi. A wane juyi ne aka fito aka ce, jama'a, ga abin da kamfanin ya mallaka ranar da muka ba da shi, ga abin da muka tarar ranar da muka karɓo, ga bashin da aka bar mana, ga wanda ya jawo? Ana cikin wannan juye-juye ne wasu suka shigo suka cika kasuwa. Celtel ta zo a 2001, ta koma Zain, ta koma Airtel a 2010. Telecel ta koma Moov. Orange ta fara aiki a 2008, a 2019 ta sayar ma ƴan kasuwa, aka samu Zamani. Kamfanin da ya riga kowa, wanda ke da gine-gine da turaku da ma'aikata a kowace jiha, shi ya koma baya. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai dalili, kuma dalilin yana rubuce cikin littafin lissafi.

To mene ne ake nufi in an ce kamfani na ƙasa ne? Abu uku ne a zahiri. Jarin da aka kafa shi da shi daga baitulmali ya fito. Bashin da aka ci don shimfiɗa wayar fibar daga wannan gari zuwa wancan, da sunan Nijar aka ci shi, har da tallafi da rancen Bankin Raya Afirka na layin da zai ratsa Sahara, kuma lampon da kai da ni muke biya shi zai biya. Sannan lasisi da hanyoyin iska da kira ke bi, dukiyar ƙasa ce, iyakantacciya ce, ba kowa ake ba ba. Ke nan in an ci riba tamu ce, in an faɗi a kanmu aka faɗi. Mai shago da ya ɗora yaro a kan kanta yakan zo da dare ya ce kawo littafi. Mu ne masu shagon nan, amma mun saba da tsayawa a bakin ƙofa kamar masu sayen kati.

Akwai wasu kalmomi da ake rikita mu da su, gara mu warware su yau. Za ku ji an ce kamfani ya yi ciniki na miliyar kaza. Ciniki daban, riba daban. Ciniki shi ne duk abin da ya shiga akwati. Daga ciki za a fitar da albashi, da gazuwal na injinan da ke kunna turakun rezo, da kuɗin wuta, da gyara, da biyan bashi, da haraji. Abin da ya rage shi ne riba. Ita kanta ribar hanya biyu take bi: ko a maida ta cikin kamfani a sayi sabbin na'urori a kai rezo inda babu, ko a raba ma masu hannun jari. A kamfanin ƙasa mai hannun jarin ita ce gwamnati, don haka rabon ribar baitulmali ya kamata ya shiga, ya fito cikin kasafin kuɗi kowa ya gani. Shi ya sa in wani babba ya fito a talabijin ya ce ciniki ya ƙaru, kada ku yi saurin tafi. Ku ce, madalla, riba fa? In ya ce ga riba, ku ce nawa aka maida cikin aiki, nawa aka kai baitulmali, a wane layi na kasafi za mu same ta?

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba. Ma'aikatun gwamnati da ofisoshinta suna amfani da waya da intanet na kamfanin ƙasa. Suna biyan kuɗinsu a kan lokaci? In ba su biya, nawa ake bin su? Wannan ciwo ne da ya kashe kamfanonin gwamnati da yawa a Afirka: gwamnati ta ci bashin kamfaninta, ta ƙi biya, kamfanin ya rasa kuɗin gyara, sannan a juyo a ce ma'aikata ne ragwaye, a sayar da shi arha. In lissafi yana fili, irin wannan ba ya ɓuya.

Ga inda matsalar take da wuya. A harkar salula gwamnati huluna huɗu take sawa. Ita ce mai kamfani. Ita ce alƙalin kasuwa ta hanyar hukumar ARCEP. Ita ce mai karɓar haraji. Ita ce kuma babbar mai saye. Mun ga yadda take da ƙarfi in ta sa hular haraji. A ƙarshen 2018 hukumar haraji ta rufe ofisoshin Orange a Yamai kan kuɗin da ta ce tana bi, miliyar 22, ta kuma rufe na Airtel kan miliyar 62. Kowa ya ji adadin, rediyo ya faɗa, jaridu sun buga. Ban ce kada a bi haƙƙin ƙasa a wurin baƙi ba, a bi shi har dala ta ƙarshe. Amma Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa. Hasken da aka haska ma na waje, a haska ma na gida irinsa.

Hukumar sa ido ta ci tarar kamfanonin salula kan rashin ingancin aiki a 2017, jimilla sama da miliyar 3 da rabi, ta sake cin su a 2023, sama da miliyar 4. Duka biyun har da Niger Telecom a ciki. Ku yi tunani a kan wannan. In an ci tarar kamfani mai zaman kansa, masu jarinsa ne ke jin zafi, su kuma su tuhumi daraktansu. In an ci tarar kamfanin ƙasa, kuɗi ne suka fita daga aljihun dama na gwamnati suka shiga na hagu. Wanda layinsa ya yanke bai samu komai ba. Wanda ya yi sakacin kuma, in babu mai tambaya, yana nan kan kujerarsa. Tara ba ta gyara kamfanin ƙasa sai in akwai wanda zai tsaya gaban jama'a ya yi bayani da sunansa.

Kada wani ya ce maku zancen kuɗin salula ƙaramin zance ne. Ku tuna kasafin kuɗin 2018. A cikinsa aka soke harajin da ake karɓa kan kiran da ke shigowa daga ƙasashen waje, wanda ake ce ma TATTIE, a daidai lokacin da aka ƙara ma talaka wasu harajin. Ƙungiyoyin fararen hula suka fito a Yamai da Damagaram da sauran garuruwa. Ranar 25 ga Maris 2018 aka kama Moussa Tchangari da Ali Idrissa da Nouhou Arzika da wasu, suka yi wata huɗu a kurkuku. A kasafin 2019 aka maido da harajin. Mutane sun kwana a gidan kaso kan tambayar ina kuɗin waya ke zuwa. Mu ba sabon abu muka ƙirƙiro ba, gado muka tarar.

Mun kuma ga ranar da hular mulki ta rufe sauran. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, a ƙarshen Fabrairun 2021, aka yanke intanet na salula kwana goma. Mai sayar da atamfa ta WhatsApp, ɗalibin da ke jiran darasi, mai jiran saƙon kuɗi, duka suka tsaya cik. Forfe da mutane suka riga suka saya fa? Asarar da kamfanoni suka yi fa, har da namu? Wannan ma lissafi ne da ya kamata a ce an rubuta an nuna.

Wani zai ce, to dama haka kamfanin gwamnati yake a ko'ina. Ba haka ba ne. Ku dubi Habasha. Ethio Telecom na gwamnati ne, kuma kowace shekara shugabanninsa suna fitowa su karanta sakamako. A shekarar kuɗinsu da ta ƙare tsakiyar 2024 sun bayyana ciniki na bir miliyar 93.7 da riba sama da miliyar 21, da masu layi sama da miliyan 78. A watan Oktoba na 2024 suka fitar da kashi 10 cikin ɗari na hannun jari don ƴan ƙasa su saya. Ban ce Habasha aljanna ce ba. Kamfanin ya daɗe shi kaɗai a kasuwa, sai a 2022 Safaricom ta fara gogayya da shi, kuma gwamnatinsu ta sha yanke ma jama'a intanet, yankin Tigray ya daɗe cikin duhu. Amma ɗan Habasha da ke son yin gardama kan kamfaninsa yana da lambobin da zai riƙe.

Ku dubi Senegal, wadda muke kashe kuɗi iri ɗaya da ita. Gwamnatinsu tana da kashi 27 cikin ɗari na Sonatel, kuma kamfanin yana kasuwar hannun jari ta yankinmu, BRVM da ke Abijan, tun 1998. Saboda dokar kasuwar, dole ya buga lissafinsa, dole ya faɗi ribar da kowane hannun jari ya samu. Ɗalibi a Dakar yana iya ɗaukar biro ya lissafa abin da ya shiga baitulmalinsu daga kamfanin. Yana iya cewa Orange ta Faransa ta kwashi kaso mafi tsoka, kuma suna faɗin haka da ƙarfi, amma da hujja a hannu suke faɗi.

Sannan ku leƙa maƙwabta, nan kudu da mu. NITEL ta Najeriya da reshenta na salula M-Tel sun taɓa zama su kaɗai a ƙasa mai mutane sama da miliyan ɗari. Aka yi ta miƙa ta daga wannan hannu zuwa wancan, bashi ya taru, ma'aikata suka yi watanni ba albashi, har aka kai ga rushe ta, a 2015 aka miƙa abin da ya rage ga wasu ƴan kasuwa kan dalar Amurka miliyan 252. Ƴan uwanmu na Katsina da Kano za su ba ku labarin yadda gine-ginen NITEL suka koma kango. Ba rana ɗaya ta mutu ba. A hankali ta mutu, jama'a ba su san zurfin ramin ba sai da aka zo jana'iza. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake cewa ka yi da naka.

Na san abin da za a ce mana, don an sha faɗa. Na farko, za a ce sirrin kasuwanci ne, in an buga lissafi abokan gogayya za su gani. Airtel Africa tana kasuwar hannun jari ta Landan da ta Legas, Maroc Telecom mai Moov tana ta Kasabalanka, duka suna buga lissafinsu, ba su mutu ba. Ba mu ce a faɗi inda za a kafa turke na gaba ko farashin da za a fitar wata mai zuwa ba. Lissafin shekarar da ta wuce muke nema.

Na biyu, za a ce ƙasa tana cikin yaƙi, ba lokacin irin wannan tambaya ba ne. Muna girmama sojojinmu, a cikinsu akwai ƙannenmu da abokan karatunmu. Amma lokacin da kuɗi suka yi ƙaranci shi ne lokacin da ya fi kamata a ƙirga su. An ɗora cirar dala biyu a kan kira da forfe don asusun ceton ƙasa, FSSP, kuma masu kula da asusun suna fitowa su faɗi abin da ya shiga. To in ana iya faɗin wannan, me zai hana a faɗi abin da kamfanin ƙasa ya samu da abin da ya kashe?

Na uku, za a ce ku yaran baƙi ne, so kuke a ɓata kamfanin a sayar. Ni dai ra'ayina a fili yake: ina son Nijar ta kasance da kamfanin sadarwa nata mai ƙarfi. Ƙasa mai faɗin kilomita murabba'i miliyan 1 da dubu 267, mai ƙauyuka da rugage da ɗan kasuwa ba zai taɓa ganin riba a cikinsu ba, tana bukatar kamfanin da za a ce ma je ka, ya tafi. Kuma tarihin da na karanta maku ya nuna abin da ke kai kamfani ga sayarwa: a bar shi ya ruɓe a ɓoye, sannan a ce babu mafita. Mai tambayar lissafi shi ne mai tsaron kamfanin. Yau kowa yana zancen ƴancin kai da mallakar dukiyarmu, kuma zance ne mai kyau. Amma in an karɓo dukiya daga hannun baƙo aka miƙa ma wasu ƴan tsiraru na gida da ba mai tambayar su, inna ta ƙauye ba ta ga canji ba. Har yanzu tudu take hawa.

Ina son in yi adalci ga ma'aikatan kamfanin. Akwai injiniyoyi da masu gyara da ke kwana a daji suna ɗinke fibar da aka yanke, akwai waɗanda suka jure shekarun da albashi ke makara. Kuma mai yiwuwa ne kamfanin ƙasa ya yi faɗuwa da hujja, in an ɗora masa aikin da babu riba a ciki, kamar kai layi wani gari mai nisa ko haɗa asibitoci da makarantu. Wannan ba abin kunya ba ne. Sai dai a rubuta: mun kai rezo ƙauyuka kaza, ya ci kuɗi kaza, ga wanda ya biya. A nan ne za a bambance faɗuwar hidima da faɗuwar sata. In an cuɗe su wuri guda, ɓarawo ne ke cin riba, don ya samu inuwar fakewa.

Abin da muke nema ba alfarma ba ce, doka ta riga ta tanada. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OHADA, masu dokar kasuwanci guda. A ƙarƙashinta, kamfani irin wannan dole ya rufe lissafinsa kowace shekara, mai bincike mai zaman kansa ya duba ya sa hannu, a yi babban taron masu jari cikin wata shida bayan ƙarshen shekara, sannan a ajiye takardun a rajistar kasuwanci ta kotu. Ke nan zuwa ƙarshen watan Yuni na kowace shekara, lissafin bara ya kamata a ce ya kammala. Akwai kuma dokar ranar 23 ga Fabrairu 2011, mai lamba 2011-22, wadda ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanai da takardun hukuma. Mu nawa ne a nan muka taɓa amfani da ita? Doka in ba a taɓa ta, ƙura take yi.

Don haka ga abin da nake ganin ya kamata mu nema, da murya ɗaya, a rubuce. A riƙa buga lissafin shekara na Niger Telecom tare da rahoton mai bincike, a shafin kamfanin da jaridar gwamnati, a kuma taƙaita shi a rediyo da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu. A faɗi abin da ya shiga baitulmali, haraji daban, rabon riba daban. A faɗi bashin da ake bin kamfanin da wanda yake bin ma'aikatun gwamnati. A bayyana sunayen ƴan majalisar gudanarwa da yadda aka zaɓe su, da manyan kwangiloli da waɗanda suka ci su. A faɗi inda kuɗin tara suke zuwa, da kuɗin da kamfanoni ke zubawa a asusun kai sadarwa karkara, da sunayen ƙauyukan da suka amfana, don mu je mu gani da idonmu. Gani ya kori ji.

Akwai dalilin gaggawa. A 2024 hukumomi sun sanar da niyyar haɗe Niger Telecom da Zamani don a samu babban kamfanin ƙasa. Wannan shi ne juyi na shida. Duk lokacin da za a haɗa dukiya biyu, ana auna kowace, a san nauyinta da bashinta, a san kason da kowa zai riƙe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Muna son ganin wannan awo, don kada nan da shekara goma ƙannenmu su taru a ɗaki irin wannan suna tambayar abin da ya faru.

Mu kuma me za mu yi daga gobe? Waɗanda suka karanta lissafi da shari'a a jami'o'inmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, ku zauna ku rubuta takardar neman bayani, cikin ladabi, da lambar doka, a kai ta, a karɓi shaidar ajiya da kwanan wata. In an amsa, mu fassara amsar mu yaɗa. In ba a amsa ba, mu sake rubutawa, mu faɗi kwana nawa aka yi. Ƴan fada, maimakon a ƙare dare kan ƙwallon Turai, a ware shayi ɗaya a mako a rubuta inda rezo ke yankewa a unguwa da ƙauyukanmu, da rana da lokaci, a kai ƙorafi ARCEP a rubuce. Ƴan jarida da ke nan, in an kira ku buɗe sabon ofishi ko raba kyauta, ku ɗauki hoto, amma ku yi tambayar riba kafin ku tafi. Kuma don Allah kada mu zagi kowa, kada mu yaɗa adadin da ba mu tabbatar ba. Ƙarya ɗaya in ta fito daga bakinmu, ta isa a rufe gaskiya goma da ita.

In na koma ƙauye inna za ta sake tambayata wa ke ƙirga kuɗin. Ina son in samu amsar da zan ba ta da lamba da shekara, in ce mata ga abin da aka samu, ga abin da aka kashe, ga lokacin da aka ce turke zai iso garinku. In ba a cika ba, mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

 Wanda ke da tambaya ko gyara, fili nasa ne. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya ba mu damina mai albarka.